Tulun Irin Tumba

Kwana tara ke nan da muka gudo daga ƙauyenmu na wajen Gangara zuwa gidan ƙanen babana a Isa. Har yanzu in babur ya wuce da gudu, sai in ruga ɗaki. Muryar Kaka, uwar babana, nake tunawa in samu natsuwa. Allah ya ji ƙanta.

Ina 'yar shekara takwas damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Tuwo sau ɗaya a yini. Bayan isha Kaka takan tura kara a murhu ta tara mu.

"Yau ba tatsuniya za ni yi muku ba, wanga ya faru. Ke mai hamma, rufe bakin, ba abin da za shi faɗa ciki."

Labarin kakarta Tumba ne. Tana yarinya Turawa suka iso, aka wayi gari gonar kawunta ta koma ƙasar Faransa. Ta ga fara ta rufe rana. Da aka ce Turawa sun tafi, cewa ta yi ita dai ba su yi mata sallama ba. Duk girbi takan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka.

A babban farin da ya ƙarar da shanu, tana tsohuwa tukuf, ɗanta ya zo.

"Inna, a fasa tulun nan, yara na kuka."

Sai ta hau tulun ta zauna. "Ku ci tafasa, ku ci dusa. Wanga na ƙasa ne, ba na ciki ba."

"Har ni na zage ta a zuci," in ji Kaka. "Amma da ruwa ya sauka, unguwa duka a hannunta ta karɓi iri, tafi-tafi."

Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana, ban ɗauki takardar sakandarena ba, ko takalmi ban sa ba. Sai a daji na ga abin da na rungumo: ƙullin irin gidanmu, jikan irin da ke tulun Tumba.

Jiya matar Baffa ta ce, "Ɗiyata, kawo geron nan mu dama wa yara kunu."

"Inna, ki gafarce ni. Za ni nemo tafasa."

Na jawo ƙullin na zauna a kai.