Jagorar da Ɗana Ya Saya

Wankan jego ne ya kai ni Kuala Lumpur. Matar ɗana ta haihu, uwarta kuma ta daɗe da rasuwa, aka ce ni zan je in yi wata uku in dawo. Ko sati biyu ban yi ba cutar korona ta sa aka rufe ƙasar, jirage suka tsaya. Da haka na share kusan shekara biyu a hawa na sha ɗaya a unguwar Setapak, ina leƙen titi ta taga.

Ɗan nan nawa shi ne na fari, malami ne a wata jami'a a can. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa Baba nake ce masa, in ma ta kama in kira shi. A gidanmu ba a sakewa da ɗan fari. Ban taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba, sai dai in tambayi matarsa.

Mahaifina makaho ne, amma ba haka aka haife shi ba. A hankali abin ya zo masa, ya fara cin gefe da gefe har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu, daga baya ya rufe ruf. Ni na yi masa jagora tun ina 'yar shekara tara har aka kai ni ɗakin miji. Ba ma riƙe sanda, hannu yake ɗora mini a kafaɗa. Kasuwa, ƙofar masallaci, tsallaken rafi da damina, duk ni ce. Ba yabon kai ba, ko tuntuɓe bai taɓa yi a hannuna ba. Ban yi boko ba, amma yadda ido ke tafiya babu likitan da zai koya mini.

Saboda haka ranar da na ga ɗana ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi ya wuce shi, nan take na gane alamar. Na sa ido. In an yi magana a gefensa, kansa gaba ɗaya yake juyawa. Kafaɗarsa ta hagu kullum sai ta gogi bakin ƙofa. Na kasa tambayarsa, sai na tare matarsa a kicin. Ta yi ta goge tukunyar da ta riga ta bushe, sannan ta ce likita ya kira abin hawan jinin ido. Yana ɗiga magani, aikin da za a yi masa kuma an ɗaga shi saboda asibiti ya cika da masu korona. Ta roƙe ni kada in nuna na sani, ko a wurin aikinsa ba wanda ya sani.

Yana da wata mota mai caji da ya saya hannun wani abokin aikinsa da ya bar ƙasar. Ba ta shan mai, ba ta ƙara, sai dai ka gan ta a kanka. Wata rana bayan la'asar na ji su suna ja-in-ja da Turanci ƙasa-ƙasa, shi da matar, waya a hannunsa. Daga baya ta yi mini bayani. Wai akwai wata basira a cikin motar da kamfani ya kulle, in ka biya ta waya sai su buɗe, motar ta riƙa riƙe layinta, ta taka birki, ta sauya hannu, har ta yi fakin da kanta. Ita so ta yi a bar kuɗin ta koyi tuƙi in an buɗe gari. Shi ya ce jira ba nasa ba ne, kuma wa zai riƙe jaririya.

Da muka zauna cin abinci na ce, ba tare da na dube shi ba, ban taɓa jin inda aka sayar wa mutum gida aka kulle ɗaki ɗaya aka ce sai ya sake biya ba. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ba za ki gane ba." Ya biya. Makanike bai zo ba, ba wanda ya taɓa motar da ko sukudireba, tana ajiye a ƙasan bene aka ce ta yi wayo.

Watannin farko abin ya yi kamar ya yi. Lokacin mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, tituna fayau, in ka leƙa ta taga sai ka ƙirga motocin da yatsu. Ya je kedai, kantinsu ke nan, ya dawo da shinkafa da kifi yana fara'a, yana ba matarsa labarin yadda motar ta sha kwana da kanta. Ba zan ɓoye ba, ni ma na bar zuciyata ta kwanta. Na ce ƙila zamani ya zo da abin da mahaifina bai samu ba.

Ranar da aka kira ni allurar rigakafi a Bukit Jalil, an ɗan sassauta doka, mutane sun fara fitowa. Na zauna a gaba, ta hagu, don sitiyarinsu a dama yake. Da muka hau babban titi ya sassauta hannu, na ga sitiyari yana motsi shi kaɗai. Ya saki gaba ɗaya don ya nuna mini, sai motar ta hau ƙara tana ɗis-ɗis. Na tambaye shi me take so. Ya ce so take ya riƙe, ya kuma duba hanya.

Na ce, "To in kai za ka duba mata hanya, me ka saya?"

Ya mayar da hannunsa kan sitiyari.

A dawowa ruwa ya kece, irin nasu na can da ba ya sallama. Muka iso inda ake gyaran titi, an jera robobi ja, layin da ke ƙasa ya ɓace cikin ruwa. Masu babur masu kai abinci suka cika ko'ina, kowa da akwati a baya. Nan motar ta yi wata ƙara mai tsawo, allonta ya yi ja, ta sakar masa komai. Ya damƙe sitiyari ya fara karkata hagu. Akwai wani mai babur daf da ƙofata, har ina ganin ruwa na zuba daga hularsa.

Na ce, "Baba, babur a hagunka. Tsaya."

Sai bayan ya taka birki na lura hannuna yana kan kafaɗarsa, na matse. Madubi ya taɓa akwatin mutumin, ya yi tangal-tangal bai faɗi ba, ya waiwayo ya dube mu ya wuce. Ɗana ya lallaɓa ya tsaya a ƙarƙashin wata gada.

Ya ce, "Inna, ban gan shi ba."

Na ce na sani. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun ranar kofin shayi. Ya cire takunkumin fuskarsa ya goge ido da shi. Tun da na yaye shi ban taɓa zama kusa da shi haka ba, muna nan har ruwan ya tsagaita.

Ni dai abin da na sani, a hanya mai kyau mahaifina da ƙafarsa yake gane gari, sau da yawa ma shi ke jana. Amfanina a bakin rafi yake, da cikin cunkoson kasuwa, da inda aka haƙa rami jiya. Motar nan ta yi masa jagora inda ba ya bukata, da aka zo inda ake bukatarta ta cire kafaɗa. Na gaya masa haka. Ya ce ai ba su yaudare shi ba, a rubuce yake cewa dole direba ya zama yana gani, ya karanta kafin ya biya. Ya dai sa rai ne. Kuɗin kuma ba a mayarwa.

Daga ranar na zama 'yar gaban mota. Hagu ba kowa, dakata, ga mai tafiya a ƙasa. Tsohuwa da nata idon ya fara hazo tana gani wa mai digiri uku. Da aka samu aka yi masa aikin, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin tsare saura. Lokaci-lokaci saƙo kan shigo wayarsa cewa an ƙara wa motar wayo. Sai ya karanta mana, ya ce wataƙila na gaba ne zai sa ta iya tuƙi ita kaɗai. Matarsa kuwa ta je ta yi rajistar koyon tuƙi.

Aka buɗe jirage, takarduna suka ƙare, ba yadda za a yi in ƙara ko wata ɗaya. Motar haya aka kira ta kai mu filin jirgi. Cikin cunkoson mutane da akwatuna na ji hannu ya sauka a kafaɗata. Nauyin iri ɗaya ne da wanda na sani, har yadda babban yatsa ke kwanciya. Masu wucewa suna murmushi, a ganinsu ɗa ne ke lallaɓa uwarsa.

Na kai shi har inda ake tsayar da masu rakiya. Matarsa na goye da yarinyar da na je wa wanka, wadda har ta fara gudu. Na cire hannunsa na ɗora a kafaɗar matar. Na ce ta riƙa gaba da taku ɗaya, in an zo matakala ta ɗan tsaya kafin ta sauka, kada kuma ta ja shi, ta bar shi ya biyo. Ta ce to, Hajiya. Na shige ban waiwaya ba.

Motar tana nan a ƙasan benen, an lulluɓe ta. Matar ta gaya mini a waya ran Juma'a yakan sauka ya sa mata caji, ya zauna a ciki kaɗan, sannan ya kira ta ta zo ta hau da shi bene.