Ina kwance ba murya, ana sayar da waƙa da sunana

Salamu alaikum mutanen wannan shafi. Na daɗe ban ce uffan ba. Masu cewa girman kai ne ya kama ni, ku zauna ku karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni mawaƙin biki ne a wani situdiyo a nan Daura. A kawo sunan ango da amarya da ƙawaye, mu jera su a waƙa, kafin ranar kamu an gama. Akwai ɗan take da na ɗauka tun da daɗewa, muryata tana faɗin sunana, shi ake liƙawa a farkon kowace waƙa don a san aikina ne. Abincina ke nan.

Abin da raina ke so daban ne. Jitar lantarki, kiɗa mai ƙara irin na mutanen Nijar. Ina tsara waƙoƙina a ɗaki, matata Hadiza kaɗai ke jin su.

Bayan kaka biki ya yi yawa. Yau Zango, gobe Baure, jibi situdiyo. Murya ta fara dushewa, haɗiyar yawu ma da zafi.

Na ce wa mai situdiyon, "Oga, maƙogwaron nan fa yana damuna, bari in ɗan huta."

Ya ce, "Haba ƙanena, a tsakiyar kasuwa? Je kemis a yi maka allurar buɗe murya, duk mawaƙa ita suke yi."

Allurar tana aiki kuwa. Ta buɗe ka yau, jibi ka fi da lalacewa, a sake tura ka.

A wani biki a Baure na riƙe makirufo, na buɗe baki, iska kawai ta fito. Mai na'ura ya yi sauri ya saki waƙar da aka ɗauka, ni kuma ina motsa leɓe kamar wawa.

Wasu suka ce jifa ne, abokan sana'a ne. Na sha zuma, na sha citta, na sha jiƙo. Hadiza ce ta gaji ta ce, "Baban Ummi, gobe asibiti, ko ka so ko ka ƙi."

Daga nan aka tura mu Katsina wurin likitan maƙogwaro. Layin kati, layin awo, layin ganin likita. Aka zura mini siririyar kyamara ta hanci, hawaye na zuba.

Likita ya ce, "Malam, ƙari ne ya fito inda murya ke fita. Sai an cire shi an kai gwaji. Wa ya ce ka riƙa yin wannan allurar?"

Gwajin me? Ciwon daji. Wallahi na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba.

Kuɗin aiki ya cinye sifikokina biyu na kiɗa da keken ɗinkin Hadiza. Na nuna mata jitata a haɗa a sayar, ta ɗauke ta kai ɗakin Inna mahaifiyata ta ɓoye.

Bayan aiki aka kafa mini doka: ba magana, ba raɗa, ko gyaran murya babu. Sai rubutu a waya. Ummi 'yata ta riƙa tambayar uwarta me ta yi wa Baba yake fushi da ita.

Abin da ya fi damuna, duk abokan waƙata ba wanda ya leƙo. Ko ɗaya.

Ran nan mun dawo daga ganin likita, mun sauka a tasha, sai ga wani abokina makaɗi. Ya ce, "Kai mutumina, kana wuta fa. Na ji sabuwar da ka yi wa bikin Zango." Ya kunna mini a wayarsa.

Takena ne. Muryata ta faɗi sunana, sannan wani ya ɗora, an matse shi da na'ura har ya yi kama da ni.

Ashe tun da na kwanta haka ake yi. Duk wanda ya tambaye ni sai Oga ya ce ina nan lafiya, aiki ne ya yi mini yawa. Shi ya sa ba mai zuwa dubiya. Wa zai je duba mutumin da ke fitar da waƙa duk mako?

Na tura wa Oga saƙo. Amsarsa: "Ƙanena, kasuwarka muke riƙe maka kada ta huce."

Kasuwata? Matata ta sayar da kekenta, kai kana sayar da sunana? Ka tura ni allura har murya ta mutu, ka kuma hana mutane sanin ina kwance. Baƙin ciki ya cika ni, ga shi an hana ni ko tari.

Sakamako ya fito, ba daji ba ne. Alhamdu lillahi. Hadiza ta zauna a barandar asibitin ta yi ta kuka.

Murya ta dawo a hankali, amma ba irin ta da ba. Ta yi kauri, tana da gautsi.

Sai ga Oga da ledar lemu. Ya ce, "Ka dawo kawai, na'ura za ta goge wannan karcewar."

Ga doguwar maganata ta farko bayan aiki: "Oga, ka goge takena daga kwamfutarka, yau ɗin nan." Ya ce ya goge. Allah ne shaida.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan da ma'aikatan jinya, da Inna, da abokan da suka cika gidanmu da suka ji gaskiya. Hadiza, Allah ya biya ki, keke kuma yana zuwa in sha Allahu.

'Yan'uwana mawaƙa, in murya ta dushe ta ƙi dawowa, ku je asibiti. Ku bar allurar kemis. In kun ji abokinku shiru, ku taka ku je gidansa, kada ku tambayi ubangidansa.

Jiya Inna ta fito mini da jitar. Na ɗauki ɗaya daga cikin waƙoƙin ɗaki, ba na'ura, ba take, ga ta nan a ƙasa.

Daga yau in kun ji waƙa da sunana murya sumul, ba ni ba ne. Tawa tana karcewa, da haka za ku gane ni.