Eufemio Mai Rabon Ruwa

Mahaifin Lorenza Archuleta manomi ne a wani ƙauye da ke gindin duwatsun arewacin jihar New Mexico ta Amurka. Sunansa Eufemio, gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Barkono da masara da wake yake nomawa, ga 'yan itatuwan tuffa a bayan gida.

Duk ruwan ƙauyen ta magudana ɗaya yake zuwa, wadda kakanni suka haƙo daga kogi. Kowace shekara manoma kan taru su zaɓi wanda zai riƙa raba shi gona-gona, kuma shekara da shekaru Eufemio suke zaɓa. Da sassafe zai saɓa shebur ya bi bakin magudanar, ya buɗe wa wannan, ya toshe wa wancan. Ƙanensa Celso ya sha lallaɓowa a ƙara masa ko kaɗan ne, amsar ba ta canzawa: "Ba ruwan gidanmu ba ne, Celso. Riƙo aka ba ni."

Lorenza na 'yar makaranta aka yi shekarar fari. Ƙanƙarar da kan narke ta cika kogi ba ta sauka sosai a kan duwatsu ba, kogi ya ja baya, kowa ya zuba wa magudana ido. Ranar da layi ya zo kan gonarsu, Eufemio ya buɗe ruwa da hantsi, ya zauna a gindin tuffa don ya ɗan miƙe ƙafa. Gajiya ta yi masa yawa, barci ya sace shi. Ko da ya farka la'asar ta yi. Ruwan da ya kamata tun azahar ya koma gonar Gwaggo Adelaida, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, duk ya malale a barkononsa.

Ya shigo gida jiki a sanyaye ya faɗa wa matarsa Rosaura.

"To, wa ya gan ka?" in ji ta. "Tsohuwar nan ko ƙofar gida da ƙyar take fitowa."

"Ni na gan ni."

"Kai dai wannan gaskiyar taka sai ta bar mu da tukunya ba miya!"

"Ai wake ma abinci ne."

Ranar Lahadi, da aka fito daga coci, ya cire hularsa a gaban jama'a ya faɗi abin da ya faru. Maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Iye! Mai gadi ne ya koma ɓarawo? Kuma a cikin barci!" Shi ma ya murmusa, sannan ya ce ya bar wa Adelaida rabonsa na gaba gaba ɗaya.

"Haba ɗan nan, bar shi, na yafe," in ji tsohuwar.

"Ke kin yafe, Gwaggo. Masararki fa?"

Lorenza tana kallo furen barkononsu ya riƙa kakkaɓewa, ganye ya yanƙwane, ga ruwa yana wucewa ta gefen gonar zuwa ta maƙwabciya. Ta yi kuka, ta yi kwanaki ba ta kula uban ba. Bai lallashe ta ba, bai kuma yi mata faɗa ba. Ya dai ci gaba da yanko mata tuffa da wuƙarsa idan ya dawo da yamma.

Da kaka, Celso ne ya fara zuwa da damin jan barkono, ya rataye musu a ƙofa. "Ungo, sarkin gaskiya, kada yunwa ta kashe ka ka ja mana abin kunya." Bayansa wasu suka biyo, har bangon gidan ya yi jawur.

Eufemio ya tsufa tukuf kafin ya rasu, a gadonsa, bayan ɗan gajeren ciwo. Bai bar komai ba sai gonar da tsohuwar motar da ke tashi idan ta ga dama. Lorenza, wadda yanzu take aikin jinya a birni, ta zo jana'iza tana tunanin za ta rungumi uwarta su yi kuka su kaɗai. Sai ta tarar coci ya cika har waje, da mutanen ƙauyukan da ba ta taɓa takawa ba. Wani tsoho ya kama hannunta ya daɗe bai saki ba.

"Ni da babanki mun yi rigima fiye da a ƙirga," ya ce. "Bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko don a zauna lafiya."

A hanyar gida Rosaura ta jingina da kafaɗar 'yarta. "Mutumin nan ya ba ni wahala," ta ce, tana share ido. "Amma da za a sake tambayata, shi ɗin dai zan ce."