Awon Ƙarfe Bakwai

A ofis Mai Faci ake kiransa. Shekara goma sha ɗaya yana tebur guda, kusa da tagar da ba ta rufuwa, da kofin shayinsa mai karyayyen mariƙi. Aikinsa ba na a zo a gani ba ne. Ma'aikatarsu tana karɓar awon ruwan kogi daga tashoshi ta intanet. Da aka sabunta babbar na'ura, sai ta daina gane saƙon tsofaffin kwamfutoci, masu naɗe kowace lamba cikin dogon bayani. Shi ya rubuta 'yar manhajar da ke tarbar irin wannan saƙo, ta warware shi, ta jera shi yadda sabuwar ke so; wannan facin ne ya jawo masa sunan.

Tashoshi suka yi ta sauya kwamfuta har ya rage saura ɗaya, ta wani dattijo mai duba ma'aunin ruwa a gada. Kullum ƙarfe bakwai na safe awonsa ke shigowa. Mai Faci bai taɓa ganin dattijon ba.

"Mutum ɗaya tal muke riƙe wa wannan tarkacen manhajar?" in ji shugabar sashe. "Ranar da ta ba da matsala, ka goge ta."

"Ranki ya daɗe, ai ba ta taɓa ba."

A gida kuwa matarsa tsiya take masa: "Baban yara, tsohon nan naka ya leƙo yau?"

Wata Talata awo bai zo ba. Laraba ma shiru. Mai Faci ya ɓoye wa shugaba, yana tsoron ta ce ya goge facin nasa. Ya bi manhajar layi-layi, ya aika wa kansa saƙon gwaji ya fi arba'in, duk suka wuce sumul. Masu sana'ar nan haka suke, in abu ya tsaya na'ura suke tuhuma. Sai ranar Juma'a ya tuna akwai lambar wayar dattijon a fayil, ya kira.

'Yar dattijon ce ta ɗauka.

"Baba ya rasu ranar Litinin," ta ce. "Kai ne na ofis? Kullum cewa yake akwai mai jiransa a can, shi ya sa ba ya makara."

Ya yi mata ta'aziyya, kunya ta rufe shi. Kwana uku yana jinyar manhaja, mutumin bai faɗo masa a rai ba.

Bai jira shugaba ba, da hannunsa ya goge ta, ko minti biyu abin bai ɗauka ba. Ran Litinin, bakwai saura kwata, yana kan kujerarsa, ya riga ya buɗe shafin tashar gada.