Sharar Shagon Baba

Shagonmu yana gefen Makka ta kudu, kan hanyar da manyan motoci ke bi su gangara yankin Tihama na bakin teku. Kayan noma da na kiwo muke sayarwa: sha'ir na tumaki, dusa, damin ciyawa, taki, maganin feshi, da irin dawa da na gero. Baba ne ya kafa shi. Da ya rasu Yayana ya karɓi ciniki, ni kuma aka ajiye ni a bayan tebur, domin zamani ya zo da abubuwan da Yaya ba shi da haƙurinsu. Rasit sai na na'ura, haraji a kan kowane buhu, lasisin baladiyya, wato hukumar gari, duk shekara, ga takardar inshora mai sharuɗɗa kamar za su ba ka auren 'yarsu. Ni nake karanta su, ni nake yi masa masifa a kansu, shi ya sa yake kirana Hukuma.

Abu ɗaya ne a shagon da babu shi a kowace takarda, wato durom ɗin shara. Tun zamanin Baba, duk hatsin da ya zube a ƙasa wajen awo ko lodi ba a mayar da shi buhu, kuma ba a zubarwa. Sharewa ake yi a juye a wani shuɗin durom da ke bakin ƙofa. Ranar Alhamis da hantsi wata tsohuwa takan zo da buhunta ta kwashe. Ƙawar kakarmu ce tun suna unguwar Nakkasa, mu dai Inna muke ce mata. Mun taso mun san tana ƙulla hatsin a leda tana sayar wa masu watsa wa tattabaru a wajen unguwar Tandabawi. Ba ta roƙo, ba ta godiya mai tsawo. Ta gaisa, ta yi wa Baba addu'a, ta kwashe ta tafi. A 'yan shekarun nan yanar ido ta rufe mata gani, da laluben hannu take aikin.

A shekarar da nake ba da labari, ruwa ya sauka sosai a kan duwatsun kudu, ambaliya ta cika kwaruruka. Manoman can ba damina suke jira irin ta ƙasar kakanninmu ba. Ruwan ya kwanta a gona, ya tsotse, sai a yi shuka a kan laimarsa kafin rana ta ƙwace ta. Saboda haka suka yi mana ca, kowa da 'yar motarsa ta ɗaukar kaya, kowa yana neman jan iri. Jan iri dawa ce da kamfani ya shafe da guba don kada ƙwari su cinye ta a cikin ƙasa, aka rina ta ja don kowa ya gane ba ta ci ba ce. Sharaɗin inshora da na baladiyya duka ɗaya ne a kanta: a ɗakin baya za ta zauna, a kulle, nesa da abin da mutum ko dabba za su ci. Yaya ya ga zirga-zirgar ta yi yawa, ya jibge buhunan a bakin ƙofa. Na yi magana, ya ce, "Hukuma, ki bari kasuwar nan ta wuce tukuna."

Wata ranar Alhamis na yi safiya a banki kan wata takardar haraji, sai bayan azahar na iso. Na zo wucewa ta gefen durom ɗin na leƙa, haka kawai. An kwashe shi tas, amma a gindinsa, cikin ƙurar da ta rage, ga ƙwayoyi nan jajaye. Na sa hannu na ɗebo, tafin hannuna ya yi ja. Na nufi wajen Yaya.

"Yaya, me ya kawo jan iri cikin durom?"

Yana ƙirga wa wani manomi buhuna. Ya juyo ya kalli hannuna, na ga fuskarsa ta canja. Ashe jiya da yamma buhu ɗaya ya fashe wajen lodi. Ya kwashe mai yawan ya mayar, saura kuma ya share ya juye inda hannunsa ya saba juyewa tun yana yaro. Inna ta zo da hantsi yana cikin cinkoso, ta gaishe shi daga nesa, ta kwashe ta tafi.

Muka ja ƙofar shago muka bar manoma suna mita. A mota na tambaye shi inda take zaune yanzu, ya ce shi ma ni zai tambaya. Kunya ta kama mu duka. Tun da aka rushe ɓangarensu na Nakkasa mutanen suka watse, mun san ta tashi, ba mu taɓa tambayar ina ta koma ba. Ba ta da waya. Duk mako tana zuwa ƙofarmu, mu kuwa ko hanyar gidanta ba mu sani ba.

Nakkasa muka fara zuwa, ko za mu sami wanda ya rage. Inda gidanta yake babu komai sai tarin ƙasa da ƙarafa, da wata katuwar mota tana tura duwatsu. Wani mai gadi ya ce shi bai san kowa ba, bana aka kawo shi. Yaya ya tsaya yana ta kallon tudun kamar gidan zai tsiro.

Na fito da waya na ce zan tura saƙon murya a rukunin matan tsohuwar unguwarmu. Mata ne da yawa, ko ina suka watsu suna ciki, wata za ta san inda Inna take. Yaya ya riƙe min hannu.

"Ki tsaya. In kika faɗi haka, kafin la'asar duk Makka ta ji shagonmu ya ba da guba. Baladiyya za ta manna mana jar takarda ta rufe shago. Masu inshora kuwa ke kika fi ni sanin abin da za su ce."

Na sani kuwa. Za su ce mun karya sharaɗi, babu ruwansu da duk abin da ya biyo baya. Shagon nan shi ke riƙe da Mama da 'ya'yan Yaya da ni kaina. Ban ce ƙarya yake yi ba, amma raina ya ɓaci. Ya ce mu je Tandabawi tukuna, wataƙila tana can tana sayarwa, mu karɓe ledojin shiru babu wanda ya ji. Tattabaru ne dai, in ji shi, Allah Ya yafe mana. Na yarda, amma wayar tana hannuna ban mayar jaka ba.

A Tandabawi muka sami wata dattijuwa zaune a inuwar bango da 'yan ledojinta a ɓoye cikin zane. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi Inna. Ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, ai ta daɗe da barin tallan nan. Da wane idon za ta gudu in 'yan baladiyya sun zo korar masu talla? Hatsin da take samowa ai niƙawa take yi su ci, ita da jikokinta. Uwarsu ta rasu, suna hannunta."

 Duk shekarun nan muna share ƙasa da tsintsiya, da ƙura da tsakuwa da sawun takalman mutane, muna zaton tsuntsaye muke ciyarwa. Dattijuwar ba ta san gidan ba, ta ce dai wani tudu ne can gaba. Ban ko kalli Yaya ba, na danna waya na yi magana. Na faɗi sunan shagonmu, na ce hatsin da Inna ta ɗauka yau akwai guba a ciki, duk wadda ta san gidanta ta ruga ta hana ta taɓawa, sannan ta kira ni. Da na gama Yaya ya ce, "Sake turawa, ki ce a gargaɗi mai niƙa ma."

Muka zauna a mota, injin yana kunne, ba mu san ta ina za mu nufa ba. Aka kira la'asar. Saƙonni suka fara shigowa, salati da addu'a da tambayar yaya aka yi, babu mai cewa ga gidan. Wata har tana tambaya ko dawar da ta saya a wajenmu watan jiya lafiya take. Na kusa jifa da wayar. Yaya ya kifa kai a kan sitiyari, leɓensa yana motsi. Ni lissafin da nake yi daban ne: in ta kai niƙa da rana, gari ya ɓoye launin, ko mai ido sai ya lura, balle ita. Kuma tuwon dare da la'asar ake ɗora shi.

Can sai wata mata ta kira. Ta ce ita ke yi wa Inna niƙa da ɗan injinta na gida, ɗazu aka niƙa aka tafi, ta ga garin ya yi wani ja-ja ta ɗauka jar dawa ce. Na ce kada ta sake zuba wa injin komai. Ta kwatanta mana gidan, ta ce ƙafarta ba ta hawa tudun, amma ta aika maƙwabciya.

Mota ba ta shiga lungun. Muka bar ta a ƙasa muka hau matakala, Yaya a gaba da jallabiyarsa a tattare, ni a baya abaya tana harɗe ni. Ɗaki ɗaya ne a saman wani gini, da rufin kwano. Mun riga maƙwabciyar isa. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin tuwo, ban taɓa jin ƙamshin da ya tayar min da hankali irin wannan ba. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana kwashewa da mara, yara uku sun kewaye ta da kwanukansu. Yaya bai yi sallama ba, ya sunkuya ya ɗauke tukunyar da hannu, zafinta da komai, ya fitar waje.

"Wane ne wannan? Lafiya?"

"Mu ne, Inna, 'ya'yan mai shago. Akwai wanda ya ci?"

Ta ce babu, miya ba ta nuna ba. Na fara sauke numfashi, sai na ga wata ƙaramar jikanyarta a bayan ƙofa, riƙe da muciya, bakinta duk tuwo. Ta lashe ta kusan tas.

Yaya ne ya saɓa ta a kafaɗa ya sauka da gudu. A asibiti likita ya tambayi wane irin magani ne, kuma daga ina. Ni ce na saba amsa tambayoyin hukuma, na buɗe baki, Yaya ya riga ni. Ya zaro takardar jikin buhun da ya yago tun a shago, ya miƙa, ya faɗi sunan shagon da inda yake, ya ce shi ya share da hannunsa. Sai a lokacin na ga tafukansa sun tashi saboda tukunyar. Suka kwantar da yarinyar, suka ce abin da ta ci kaɗan ne, za su riƙe ta su gani. Washegari aka sallame ta, tana neman alewa.

Abin da Yaya ya ji tsoro ya faru. An rufe mu na ɗan lokaci, daidai tsakiyar kasuwar iri, manoman kudu suka koma wani shagon, wasunsu har yau ba su dawo ba. Masu inshora suka aiko da sababbin sharuɗɗa, ciki har da cewa duk abin da aka share a shago bola za shi. Ni na sa hannu, ni na sa aka ɗauke durom ɗin, kuma ina ganin daidai ne.

Alhamis ɗin farko bayan an buɗe mu, sai ga Inna da buhunta. Ta gaisa, ta yi wa Baba addu'a, ta miƙa hannu inda durom yake, ta lalubi iska. Yaya ya yi sauri ya jawo sabon buhun farar dawa mai kyau, ya ce daga yau wannan za ta riƙa ɗauka, shi zai kai mata har gida. Ta shafa bakin buhun, ta ji ɗinkinsa ba a farke ba, ta janye hannu.

"Ɗan nan, ni shara nake ɗauka. Haka muka yi da ubanku. Ban zo bara ba."

Ta naɗe buhunta ta juya.  Yaya ya ce ta ɗan tsaya, akwai sharar jiya da bai kwashe ba. Ya shiga ciki ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya farke buhun da wuƙa, ya tuntsurar da dawar a kai. Ƙarar zubarta ta cika shagon. Ya ɗauko sabuwar tsintsiya ya fara tarawa, hannuwansa a naɗe da bandeji.

Idonta ne ba ya gani, kunnenta lafiya lau, na san ta ji. Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa, bayanta gare mu. Sannan ta juyo a hankali, ta warware buhunta, ta riƙe masa bakinsa da hannu biyu.