Teburin da Ake Zama Masa Kamar Tuwo

Lokacin da nake koyarwa a ajin nazare na wata makaranta a Daura, wata ƙungiya ta kawo mana teburi mai magana. Gajere ne, bai wuce gwiwar babban mutum ba, samansa gilashi, yana cin wutar sola. Ya zo da jakar 'yan katakai, kowanne da harafi a jikinsa. Teburin zai nuna hoton wani abu, yaro ya ɗauko katakon harafin da sunan abin ya fara da shi, ya ajiye a cikin wani ɗan gida da ke haskawa. In ya dace, sai muryar wata mata ta ce, "Madalla." Daga jin muryar Bakanuwa ce, amma muka yi haƙuri da ita.

Shugabar makarantarmu dattijuwa ce mai son tsari. Ta zagaya teburin, ta ga yara huɗu ke zama kewaye da shi suna miƙa hannu tsakiya, sai ta gane da abin da ya yi kama. Nan take ta kafa doka: a wanke hannu, a yi bisimilla, a sa hannun dama, kada a miƙa zuwa gaban wani. Babu wanda ya yi musu. Ni ma da farko ban ga aibun dokar ba, don gilashin ya daɗe bai ga maiƙon ƙosai ba.

'Yata tana cikin ajin. 'Yar fari ce, saboda haka a ɗakin surukata take kwana, a can take cin abinci, ni kuwa Anti take kirana kamar sauran yaran. Bahaguwa ce. Kakarta ta lura da haka tun tana rarrafe, ta ɗaura yaƙi da hannun. Ta sa masa safa, ta sa masa tsinken tsintsiya, daga baya harara kaɗai ta isa. Da yarinyar ta kai shekara huɗu, ta daina amfani da hagun, damar kuma ba ta karɓi aikin ba. A lokacin 'yan nazare ma hijabi suke sawa har gwiwa, sai ta samu wurin ajiya, hannun ya koma ciki ya zauna.

A gaban teburin, in ta ɗauko katako da dama sai ya kuɓuce, ko ta ajiye shi a karkace rabi a waje. Teburin ba ya faɗa, shiru kawai yake yi, yaran kuma su yi dariya. Bayan 'yan makonni ta daina miƙa hannu gaba ɗaya. Shugaba ta kira ni ofis.

"Malama, yarinyar nan ba ta san harafi ko ɗaya ba. In zango ya ƙare a haka, maimaita aji za ta yi."

Na ce, "To, Hajiya." Abin ya ci min rai ƙwarai, amma uwa ba ta tsayawa tana kare 'yar fari a gaban manya, sai a ce ba ta da kunya.

Wata Alhamis da aka tashi, mai babur ɗin da ke mayar da mu gida ya tafi kai kaya Kongolam bai dawo da wuri ba. Ajin ya rage daga ni sai ita, batirin teburin kuma da saura. Na kunna, na koma gefe ina share allo, na ba ta baya.

Na ce, "Ke, yi wasa da abin nan kafin ya zo. Da duk hannun da kika ga dama."

Ta dubi teburin, ta dube ni. Can ta ce, "Anti, yana magana da Kaka?"

"Bai san gidanmu ba."

Na ci gaba da share allon da ya riga ya fita tas. Sai na ji Bakanuwar ta ce, "Madalla." Na saci kallo. Hannun hagu ya fito daga hijabi, ya ɗauko harafin rago ya dasa shi daidai a gidansa, ya koma ciki da sauri. Hoton kaza ya fito, hannun ya sake fitowa. Haka ta bi hotunan har suka ƙare, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Amma duk sanda muryar ta yaba mata, sai ta sunkuya, bakinta kusa da gilashin, ta yi raɗa. Na matsa a hankali don in ji.

"Da dama na yi," take cewa.

Na koma wajen allo. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata a ranar ba, kuma ban san da wa zan yi fushi ba, don kakarta ma sonta take yi.

Ranar Litinin na ajiye kunya na je wajen shugaba, na roƙe ta ta tsaya a bayan taga lokacin hutun tara, in yarinyar ta zauna ita kaɗai da teburin, kada ta shigo. Ta tsaya, ta gani da idonta. Da na fito na same ta tana gyara mayafi.

"Ashe ta sani," ta ce. "To, ai dama teburin ba abinci ba ne. A cire dokar hannun, amma a bar wanke hannu da bisimilla."

Yarinyar ba ta maimaita aji ba. A gida ba abin da ya canja, safar tana nan a ƙarƙashin filon kakarta, ni kuma ban ce uffan ba. A makaranta na gaya mata sau da yawa cewa an halatta, shugaba ma ta gaya mata da bakinta, ta gyaɗa kai. Ta ƙarasa shekarar tana wasa da teburin da hannun hagu a gaban kowa, kuma har ta bar ajin ba ta taɓa gaya masa gaskiya ba.