Ƙwaya Ɗaya a Rana

Ranar da aka sallamo mahaifiyata daga asibiti, likita ya ce abu biyu za mu kiyaye: kada ta sake faɗuwa, kuma ta riƙa shan maganin hawan jini ƙwaya ɗaya kowace safiya. Na ce a raina wannan ai ba aiki ba ne. Ni kafinta ne, na saba da abin da ya fi wannan awo.

Dada muke ce mata. Ƙafarta ta hagu ta yi nauyi, ba za ta iya jelen asibiti ba, don haka muka samu wata nas da ke zaune a Yelwa tana zuwa gidanmu a Sintali duk Litinin da Alhamis. 'Yar Mumuye ce, doguwa, ba ta wasa da aiki, kowa Sista yake kiranta. Takan auna jini, ta motsa ƙafar, ta duba bayan Dada kada kwanciya ta yi mata gyambo.

Ni ne ɗan fari, Dada kuwa Bafulatana ce ta da. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni. In magana ta kama, sai ta yi da wanda ke kusa: "A gaya wa wancan ƙofar nan tana kuka." Ina tsaye a gabanta. Shekara hamsin muna haka ban taɓa jin haushi ba, sai da maganin nan ya shigo gidan.

A sati na biyu jiri ya fara ɗibarta. Wata safiya ta yunƙura za ta yi alwala ta sulale, Allah ya sa maiɗakina tana kusa ta tare ta. Da Sista ta zo ta auna hannun dama, ta ɓata fuska, ta auna na hagu.

"Jinin Mama ya sauka da yawa. Kawo mini maganin."

Na miƙa mata kwalin. Ta zazzage shi a cinyarta.

"Wannan na wata ɗaya ne. Yau kwana goma sha biyu, saura ƙwaya uku. Wa yake ba shi?"

"Ni," na ce. "Bayan asuba, kafin in tafi shago."

"Ni ma ina ba ta," in ji maiɗakina a hankali, "in na kai mata kunu."

Ƙanwata da ke aure a unguwar Sarkin Dawaki tana wajen. Ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai in na leƙo da hantsi nakan ba ta ɗaya, don in samu albarka."

"Hajiya, wannan ba goro ba ne," in ji Sista.

Na juya na ce, "Dada, me ya hana ki ce kin riga kin sha?"

Ta kawar da kai, ta ce wa maiɗakina, "Mutum ya miƙo maka abu da hannunsa, ka ce masa a'a? Ni ba a kasuwa aka haife ni ba."

Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa uwa ba ne.

Sista ta ja layuka a takarda, ta rubuta ranakun mako, ta ce duk wanda ya ba da magani ya sa alama, wanda ya ga alama kada ya ƙara. A lokacin na yi wata takwas ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, don haka ni na karanta wa kowa ranakun, na buga takardar a bango da ƙusa, na rataya biro. Kwana uku takardar ta cika. 'Yan dubiya sun ɗauka wajen sa hannu ne, kowa ya zo sai ya ja layinsa don a san ya zo. Har limamin unguwarmu ya sa nasa.

Na yage ta. Na je shago na haɗa ɗan akwati da guntun katako, na sa masa kwaɗo, makulli a aljihuna. Hannu ɗaya zai riƙa ba da magani, nawa.

"Yaya, yanzu mu ne ɓarayin magani?" in ji ƙanwata.

"Ba ɓarayi ba ne ku. Masu neman albarka ne, kun fi ɓarayi wuyar tsaro."

Ta yi sati ba ta gaishe ni ba. Ban damu ba, jiri ya tafi.

Bayan kwana goma ya dawo. Sista ta ƙirga ƙwayoyin akwati, daidai suke. Ta dube ni, na dube ta. Maiɗakina ce ta warware mana: tana shara ta tsinci ɓawon wani magani a ƙarƙashin tabarma, launinsa ba irin namu ba.

Na Goggo ne, ƙanwar mahaifina. Ita da Dada tun suna amare suke tare, kuma ita ma tana da hawan jini. Kusan kullum takan zo bayan azahar, su zauna suna hira da Fulatanci. Na same ta a tsakar gida, na durƙusa, na nuna mata ɓawon.

Ko gezau ba ta yi ba. "Nawa ne. Ciwonmu ɗaya. Na ji ka kulle nata kamar zinariya, kana ba ta ƙwaya ɗaya tal kamar ana yunwa. Nawa ma ya fi ƙarfi."

"Goggo, don Allah. Ƙarfin ne ke kayar da ita."

"Kai da ka fara boko da furfura, har ka zama likita? Ni na goye ka kana zawo."

Gaskiya ce, ta goye ni.

Sista ma ta zauna da ita, ta yi mata bayani har da zane a ƙasa. Goggo ta ce to, to, Allah ya yi albarka. Washegari maiɗakina ta sake tsintar ɓawo.

Ranar Alhamis Sista ta ja ni zaure. "Oga, in Mama ya faɗi a wannan shekaru, ƙashin ƙugu zai karye, kuma ba lallai ya sake tashi ba. Ko ka hana Goggo shiga, ko Mama ya koyi cewa a'a."

Na ce, "Sista, ki ce in mayar da kogin Lamurde baya, zai fi mini sauƙi."

In na hana Goggo shiga, na raba Dada da mutum ɗaya da ke sa ta dariya, kuma dangi za su ci namana ɗanye. Na yi kwana biyu ina aiki ina ɓata katako. A na uku, da na dawo daga aji, na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na ba ta baya, don kada ta ji nauyin idona.

Na ce, "Dada, ban ce ki ƙi karɓa ba. Ki karɓa, ki yi godiya. Amma in kika haɗiye, za ki faɗi, a mayar da ke asibiti, inda maza za su riƙa ɗaga ki suna juya ki. Ni kuma ba ni da wata uwar."

Na ji tana jan carbi. Na zauna har aka kira magariba, na tashi raina a ɓace.

Washegari da yamma na shigo, Goggo ta riga ta tafi. A bakin ƙofar Dada akwai faifai, a tsakiyarsa ƙwaya ɗaya ruwan hoda, a bushe. Dada tana kwance fuskarta a bango. Na ɗauka na sa a aljihu. Maiɗakina ta ce ta ga yadda aka yi: Dada ta karɓa da hannu biyu, ta kai baki, ta kurɓi ruwa, ƙwayar kuwa tana maƙale tsakanin yatsunta.

Tun daga ranar, duk zuwan Goggo sai na tarar da ƙwaya a faifai. Ina tarawa in ba Sista, ita kuma yanzu har Goggo take aunawa, tana yi mata faɗan rabon maganinta. Jinin Dada ya tsaya inda ake so. Tana takawa da sanda har bakin randa, ta yi alwalarta da kanta.

Rannan na haɗu da Goggo a zaure tana fita. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa.

"To, likita, ka gani? Tun da na dage da ba ta nawa, ka ƙara jin ta ce jiri?"

Na ce, "Ban ji ba, Goggo. Allah ya saka da alheri."